Baƙin da Majigi Ba Ya Iya Yi

Duk wanda ya sayi majigi don kallo a falonsa, akwai ranar da zai ƙura wa bango ido yana tambayar kansa ko cutarsa aka yi. Hoton da ya gani garau a talla ya zo masa dishi-dishi, fuskoki sun koɗe, dare a cikin fim ya koma launin toka. Abin da ke fara zuwa rai shi ne na'urar ta lalace, daga nan sai a nufi wurin mai gyara ko a sayi sabon ƙwan fitila da kuɗi masu yawa. A shekarun da na yi ina amfani da majigi, kuma 'yan'uwa suna kira na in duba nasu, sau da yawa nakan tarar lafiyarsa lau. Ɗakin ne ke yaƙarsa.

Majigi haske kaɗai yake jefawa, ba shi da hanyar jefa duhu. Abin da kake gani baƙi a hoton bangonka ne, a daidai inda haske bai sauka ba. Ke nan baƙin hoton ba zai taɓa fin duhun ɗakin ba. Idan hasken rana yana shigowa ta taga, ko farin silin yana maido da hasken na'urar kan bango, babu saitin da zai ceto hoton. Na da sun san haka. Majigin da aka riƙa yawo da shi a mota gari-gari tun zamanin mulkin mallaka, wanda muka gaji sunansa, sai dare ya yi ake kunna shi a fili. Labule mai kauri ya fi yawancin gyare-gyaren da ake biya wa kuɗi amfani.

Girman hoto ma yana cin haske. In ka ja na'urar baya har faɗin hoton ya ninka sau 2, filin da hasken zai rufe ya ninka sau 4, kowane taƙi na bango sai ya sami kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake samu a da. Son a cika bango da hoto shi ne ya kashe wa mutane da yawa kallo. Haka kuma ajiye majigi a karkace, sannan a miƙe gefen hoton da rimot: na'urar matse hoton take yi, ta bar wasu ɗigoginta ba aiki, rubutu ya rasa kaifi. Gara a gyara mata zama ta fuskanci bango sosai.

Idan an yi duhu, an daidaita zama, kuma matsalar tana nan, akwai gwaji guda da na fi yarda da shi, ba ya cin ko sisi. Ka fito da jerin saitunan majigin a kan bango. Wannan rubutun daga cikin na'urar yake fitowa, bai bi ta dikoda ko kwamfuta ba. In ya fito tas, laifin yana waje: ko kebul, ko dikoda, ko intanet da ya yi rauni har manhajar kallo ta rage ingancin hoton. Kebul ɗin HDMI ba ya dusar da hoto a hankali. In ya gaza, musamman mai tsawo, sai ka ga ƙananan fararen ɗigogi suna ƙyalli, ko hoton ya ɗauke ya dawo. Wani lokaci kuma saɓanin lissafi ne kawai: kwamfuta takan auna haske daga 0 zuwa 255, na'urorin bidiyo daga 16 zuwa 235, in ɓangarorin biyu ba su daidaita ba sai baƙi ya koma toka.

In kuwa aibin ya bayyana har a kan rubutun saitunan, to ciwon na ciki ne, kuma kamanninsa yana faɗin sunansa. Majigi nau'in DLP, fasahar da Larry Hornbeck ya ƙirƙira a kamfanin Texas Instruments a 1987, da ƙananan madubai yake aiki, waɗanda ke juyawa su jefa haske ko su kawar da shi. Idan wasu sun maƙale, sai fararen ɗigogi su tsaya cak kamar taurari, kullum suna ƙaruwa; wannan sai an sauya guntun da ke ɗauke da maduban. A nau'in LCD kuwa, tabo mai launin rawaya da ke faɗaɗa yawanci alama ce zafi ya fara cin ɓangaren shuɗin launi, tabo mai laushi da ba ya motsi kuma ƙura ce ta shiga. Mu da hunturu ke baɗe mu da ƙura wata da watanni, bai kamata mu jira lokacin da takardar kamfani ta ce a share matatar iska ba. In ta toshe, zafi ya taru, sauran cututtukan su biyo baya.

Sai ƙwan fitila. Irin na gargajiya yakan yi awa 2,000 zuwa 5,000, kuma tun kafin ya mutu haskensa ke ja baya sannu a hankali, ido na sabawa ba tare da an lura ba. A duba ƙididdigar awanni a cikin saituna kafin a saya. Masu LED ko lesa kamfanoni kan yi musu alkawarin awa 20,000 ko fiye.

Abin da ke gajarta ran ƙwan a wajenmu shi ne ɗauke wuta. Ka lura, in ka kashe majigi da rimot, fankarsa takan ci gaba da juyawa na ɗan lokaci don ta huce fitilar. Da wuta ta ɗauke, fankar ta tsaya nan take, zafin ya kwanta a ciki, sai kuma a tayar da janareta a sake kunna fitilar tana da zafi. Ƙaramin UPS da zai riƙe na'urar na minti 5 ya isa a kashe ta yadda ya kamata, kuma shi nake fara tambaya ko akwai duk gidan da aka ce min ƙwai ya sake mutuwa.