Pemba, Tsibirin Kanumfari: Rubutun Kan Hanya

Litinin

Da sassafe jirgin fasinja ya tashi da mu daga birnin Zanzibar, muka miƙi arewa. Tekun da ke tsakanin tsibirin Unguja, inda birnin yake, da Pemba ba ya sassauta wa baƙo, don haka mafi yawanmu a kwance muka yi tafiyar. Sai bayan azahar aka fara hango ƙasa: tudu bayan tudu, kore shar har bakin ruwa. Muka sauka a Mkoani, tashar jiragen kudancin tsibirin.

Tun daga hawan da ya bar tashar na fara cin karo da tabarmi shimfiɗe a gefen titi, an baza kanumfari a kai. Wani ɗanye ne, wani ya fara ja, wani ya yi baƙi ya bushe. Masu babur suna kauce musu ba tare da sun rage gudu ba. Watan Satumba ne, tsakiyar girbi, ƙanshin ya cika gari har cikin masallaci.

Talata

Yau na wuni a gonar kanumfarin wani dattijo, bayan garin Mkoani kaɗan. Abin da muke saye ƙulli-ƙulli don kunu da fura da zoɓo, furen bishiya ne da aka tsinke tun bai buɗe ba. Bishiyar doguwa ce, takan haura mita 10, rassanta kuma ba su da ƙwari. Wani saurayi ya hau babu takalmi, da igiya da jaka a wuya. Yakan maƙale ƙafa ɗaya a reshe, ya jawo na nesa da sanda mai ƙugiya, ya karyo cukus ɗin furen da yatsu. Na ji reshe na ƙara a ƙarƙashinsa, gabana ya faɗi.

"Baba, ba a faɗowa?" na tambaya ta bakin mai yi mini tafinta.

"Ana faɗowa, ɗana. Babu kakar da ba a kai wani asibiti."

Idan aka makara furen ya buɗe, darajarsa ta zube, shi ya sa 'yan ƙodago ke shigowa har daga Tanga da sauran garuruwan gaɓar Tanzaniya. Da la'asar aka juye jakunkunan a tsakar gida, mata da yara suka zagaye su. Mace za ta ɗauki cukus ɗaya ta goga a tafin hannunta, ƙwayoyin su zubo, ta jefa karan gefe. Shi ma karan ba a yar da shi, ana tatsar mai daga cikinsa. Daga nan sai shanya ta kwanaki, ana juyawa, ana kwashewa da gudu in hadari ya taso.

Asalin bishiyar daga tsibiran Maluku ne na Indunusiya. Sarkin Oman Sayyid Sa'id, wanda ya mayar da fadarsa Zanzibar wajen 1840, shi ya matsa aka cika tsibiran nan da ita, kuma bayi ne suka sare dajin suka dasa. Guguwar 1872 ta kwantar da gonakin Unguja ta bar mafi yawan na Pemba a tsaye, tun daga lokacin Pemba ce cibiyar noman. An soke bauta a dokance a 1897, amma aikin bai canza kama ba: har yau da hannu ake tsinka, ɗaya bayan ɗaya. Kuma manomi ba shi ke yanka farashi ba. Kamfanin ciniki na gwamnatin Zanzibar ne ke saye, shi ke tantance daraja. Dattijon ya ce duk shekarar da kuɗin bai gamsar ba, akwai masu lallaɓawa da buhuna Kenya cikin dare. Ban yarda da fasa-ƙwauri ba, amma wanda ya ga hawan nan da idonsa ba zai yi saurin zagin su ba.

Laraba

Na yi shatar mashua, jirgin katako mai ƙyalle guda mai kusurwa uku. Matuƙin ya ce sai ruwa ya cika za mu tashi. A nan cikar teku da janyewarsa ke tsara wuni. Iskar kudu ta tura mu har Misali, ƙaramin tsibiri da babu mazauna sai masunta masu yada zango. Mutanen yankin suna cewa Annabi Khidir ya taɓa yin salla a nan. Kusan shekarar 2000, da masu kamun kifi da nakiya suka addabi wurin, limamai aka sa a gaba suka yi ta wa'azi kan amanar halittun Allah, kuma maganarsu ta shiga inda ta jami'ai ta kasa.

Da yamma muka kutsa wani lungun ruwa mai bishiyoyin mikoko, masu tsirowa cikin ruwan gishiri, muka sauka a Wesha.

Alhamis

Chake Chake a kan tudu take, tana kallon mashigin da laka ta cike. Kasuwarta ba ta da girma, amma kusan duk abin da ke ciki daga bayan gari ya zo, wani a kan amalanken shanu. Ayaba kala-kala, ta dafawa daban ta ci daban. Ga rogo, ga kwakwa, ga kirfa a ɗaure kamar itacen girki. Wata mata ta fasa mini fenesi, ƙaton ɗan itace mai ƙaya-ƙaya a baya. Sai da ta shafa wa wuƙa man kwakwa saboda danƙo, sannan ta ciro 'ya'yan rawaya masu zaƙi. Na kora da ruwan wani ɗan itace mai tsami da ake kira bungo.

Na bi ta bayan gari na leƙa lambuna. Ba a jera shuka layi-layi. Kwakwa ce a sama, kanumfari da mangwaro a ƙarƙashinta, sai ayaba, sai rogo da citta a ƙasa, barkono baƙi kuma ya nannaɗe jikin bishiya ya hau. Kwarin da ke tsakanin tuddai duk fadamar shinkafa ce. Wannan cakuɗar ce ke riƙe gida a shekarar da kanumfari ya ƙi, domin ba kowace shekara yake yin albarka ba.

Juma'a

Mun bi gaɓar yamma a mashua zuwa Wete, tsibirin Fundo yana tare mana igiyar ruwa. Mun samu Juma'a. Bayan an sauko na sayi alewar garin da suke kira halwa, wadda ta yi suna har Unguja, na haɗa da gahawa mai ɗaci.

Asabar

Matuƙin ya ƙi zagaya ƙarshen arewa saboda iska, sai na hau motar haya, daladala, zuwa Tumbe, inda ake gwanjon kifi a kan yashi. Da ruwa ya janye, mata suka shiga har gwiwa suna ɗaura ciyawar teku a igiyoyi tsakanin turaku. Mwani suke kiranta. Noman ya shigo tsibiran ne a ƙarshen shekarun 1980, ana busarwa a sayar wa masu fitarwa waje. Wata ta nuna mini igiyar da ciyawarta ta yi fari ta ruɓe, ta ce ruwan bakin gaɓa ya yi zafi da yawa, dole su matsa can ciki, alhali yawancinsu ba su iya iyo ba, ba su kuma da jirgi. Ta sunce ruɓaɓɓiyar ta ɗaura sabon iri, tana ta sauri kafin ruwa ya dawo.