Kunya Bakwai a Gandun Maƙwabta

A wani ɗan ƙauye da ke tsakanin Batsari da Safana, inda ƙasar Ruma ta yi iyaka da ƙasar Yariman Katsina, akwai wani yaro da mahaifinsa ya rasu a shekarar 1973, watau shekarar da aka yi farin nan da ya ƙone gero tun bai fid da kai ba. Gonar da marigayin ya bari an jinginar da ita don a ci abinci. Da bazara ta kewayo, sai mahaifiyar yaron ta kama hannunsa ta kai shi ƙofar gidan maƙwabcinsu, wani dattijo mai gandu da 'ya'ya maza huɗu, ta aika aka yi masa sallama. Ta ce, "Malam, ga ɗanka nan. Ba ni da gonar da zan koya masa riƙon hauya." Dattijon ya dubi yaron, wanda bai wuce shekara tara ba, ya ce, "To, gobe ya yi sammako."

Tsarin gandu a wancan zamani sananne ne. Maigida da 'ya'yansa suna aiki a babbar gona tun daga hantsi har azahar, abin da aka samu kuwa shi ne cimar gida, da kuɗin haraji, da na auren samari. Bayan an tashi, kowane ɗa yana da gayaunarsa, wadda amfaninta nasa ne shi kaɗai. Wanda ba ɗan gida ba kuwa ɗan ƙodago ne, a biya shi da yamma ya kama gabansa. To, wannan yaro bai san matsayinsa ba. Yana cin tuwo a akushi ɗaya da 'ya'yan gidan, amma ba shi da gayauna, ba a kuma taɓa ba shi ko kwabo ba.

Da shi aka yi sharar gona, da shi aka kai taki a kan jakuna. Da ruwan shuka ya sauka, manya suna gaba suna sara da sungumi, shi da ƙaramin ɗan gidan suna biye suna zuba iri suna rufewa da diddige. Daga yamma da gonar ana hango duhun dajin Rugu, inda Fulani suke fitowa da kaka su zauna a gonar, shanunsu su ci kara su bar taki, matansu kuma su musanya nono da hatsi. Babu abin da yaron yake jira kamar ya hango Inna, uwargidan dattijon, ta aiko da ƙwaryar fura, a zauna gindin gawo ana miƙa ludayi daga babba zuwa ƙarami.

Abin da ba ya mantawa ya faru ne a lokacin noman farko. Aka yanka masa kunya bakwai. Rana ta take, tafin hannunsa ya yi ƙanta ya fashe, ga 'ya'yan gidan sun yi masa nisa suna waiwayowa suna dariya. Sai ya yi dabara: maimakon ya sare ciyawa daga saiwa, sai ya riƙa jawo ƙasa yana binne ta. Nan da nan ya cim musu, har dattijon ya ce, "Madalla da ɗana." Yaron ya kwana yana murna.

Bayan kwana huɗu aka yi ruwa mai ƙarfi. Da gari ya waye aka je gona, sai ga kunya bakwai sun yi kore shar a tsakiyar gona, ciyawa ta taso ta shaƙe geron, alhali na kowa fes. Ba wanda ya tambayi mai su. Yaron ya tsaya yana jiran bulala, ko kuma abin da ya fi bulala ciwo, watau a ce ya koma wajen uwarsa. Dattijon bai ce masa uffan ba. Sai ya ɗauki hauyarsa ya duƙa a kan kunyar farko, yana nome ta a hankali, ga tsufa ga ciwon baya. Yaron ya fashe da kuka, ya ce, "Baba, ka bari ni zan yi." Dattijon ya ce, "Kama ta biyu. Ni ka ruɗe ni, amma ƙasa ba ta karɓar rantsuwa."

Da kaka ta yi, aka ɗaure dammuna, aka fitar da zakka, ɗaya cikin goma, aka cika rumbuna. Ran nan dattijon ya kira shi. Gaban yaron ya faɗi, domin ya tabbata za a ƙirga masa kuɗi a tafi, ya zama ɗan ƙodago. Amma sai aka tafi da shi gefen gona, dattijon ya taka wani yanki da ƙafarsa, ya ce, "Daga nan zuwa waccan kuka gayaunarka ce." Gyaɗar da ya noma a wurin ita aka kai kasuwar Batsari, da kuɗinta aka ɗinka masa rigar makaranta a 1976, shekarar da aka buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa.

Yaron ya girma, boko ya kai shi birni, dattijon kuma ya riga mu gidan gaskiya. Daga baya dajin da a dā nono yake fitowa daga cikinsa ya zama maɓoyar 'yan bindiga. A 2019 aka kashe manoma a gonakinsu a 'Yargamji, a 2020 kuma aka afka wa Tsauwa da Dankar, duk a ƙasar Batsari. Mutanen ƙauyuka da yawa suka yi hijira zuwa cikin gari, jikokin dattijon suna cikinsu, gandun ya yi shekaru ba a sa masa hauya ba.

Ranar da ɗaya daga cikin jikokin ya yi sallama a ƙofar gidansa a Katsina, riƙe da hannun wani ƙaramin yaro, yana neman inda zai ajiye shi ya yi karatu, mutumin bai tambayi komai ba. Ya dubi yaron, ya ce, "To, gobe ya yi sammako."