Ido Ya Riga Baki Karatu

Yana daga cikin aikin akawu ya tsara takardar sanarwa, wadda za a manna a bakin kasuwar Jega ko a tashar motar Maiyama. Ana raina aikin nan ƙwarai, alhali kuwa mafi yawan masu wucewa ba su tsayawa su karanta, kallo ɗaya su ke yi mata. Abin da ido ya ɗauka cikin kallon nan, shi ke nan abin da aka gaya musu.

Cikin 1923 wani masani a ƙasar Jamus, Max Wertheimer, ya bayyana cewa ido ba ya ganin abubuwa ɗai-ɗai, tattara su ya ke yi. Waɗanda suka kusaci juna sai ya ɗauke su 'yan ɗaki ɗaya, haka kuma waɗanda suka yi kama. Ana kiran ilmin nan Gestalt, watau siffa. Mai sayar da albasa a Aliero bai san sunan ba, amma in ya kasa ta kashi-kashi ya kan bar 'yar tazara, ba wanda zai tambaye shi inda kashi ya ƙare.

Na taɓa ganin sanarwar allurar shanu da wani ofishi ya buga. Ba kuskuren harafi ko ɗaya, sai dai ranar kowane gari ta fi kusa da sunan garin da ke ƙarƙashinsa. Yaran da ke karanta wa makiyaya suka bi idonsu. Aka koro garke tafiyar yini guda, aka tarar ba kowa.

Zancen launi kuwa, tun muna makarantar allo mu ke ganinsa a Alƙur'ani rubutun hannu. Baƙi da tawada baƙa, wasali da ja, hamza kuma ɗigon rawaya. Kowane launi da aikinsa, ba wanda aka sa don ado kurum, shi ya sa almajiri ba ya ruɗewa ko da hasken wutar kara ne. Cikin 1839 Chevreul, shugaban wata marina ta gwamnati a Faransa, ya nuna launi ya kan sake a ido gwargwadon maƙwabcinsa. An yi ta kai masa ƙara wai baƙin zarensa ya koɗe, ashe shuɗin da ke gefensa ne ya rage masa ƙarfi. Jan rubutu bisa kore rawa ya ke yi a ido, ga shi kuma waɗansu maza ba su rarrabe su sam. Baƙi bisa rawaya kuwa, tun daga nesa a ke hango shi.

Ni dai launi biyu sun ishe ni. In na gama, sai in manna takardar a bango, in kira masinja in tsai da shi taki ashirin, in ce, "Malam, wace rana ce ta Maiyama?" In ya yi jinkirin amsawa, sai in sake shiri.