Tseren Keke Ma Sana'a Ce

Ya kai mai karatu, in kai mutumin Arewa ne ba sai an gaya maka amfanin keke ba. Da shi ake kai dankali da rake kasuwar Dutsi, da shi malamin makaranta ke zuwa ƙauyen da aka tura shi. Jakin talaka ne wanda ba ya cin dusa. Amma ka taɓa jin mutumin da ba ya noma, ba ya kasuwa, ba ya ɗaukar kayan kowa, aikinsa kawai ya hau keke ya yi gudu, kuma a biya shi albashi wata-wata? To, akwai su. Labarin ɗaya daga cikinsu zan ba ka, sa'an nan in faɗa maka abin da ya haɗa ni da zancen.

Ni gyaran keke ne sana'ata. Shekara talatin da 'yan kai ina zaune bakin hanya a Dogon Dutsi, ina faci, ina ɗaura sarƙa, ina miƙe gare. Saboda haka in ana maganar keke, kunnena yakan tashi.

Sunan mutumin Biniam Girmay. An haife shi ran 2 ga Afrilu, 2000, a Asmara, babban birnin Eritiriya, can gabashin Afirka. Ubansa kafinta ne, mai son tseren keke. Turawan Italiya ne suka kai musu wannan wasa zamanin mulkin mallaka, ya kama su kamar yadda kokowa ta kama mu. Garin kuwa a bisa tsauni yake, tudunsa ya fi mita 2,300. Iskar can ba ta da kauri. Yaron da ya girma yana tuƙa keke a irin wannan wuri, in ya sauko ƙasa sai ya ji numfashi ya yalwata masa.

A 2018 ya zama zakaran samarin Afirka. Sai aka ɗauke shi zuwa makarantar 'yan keke ta duniya a garin Aigle, ƙasar Suwizalan. Yaro mai shekara 18, ga sanyi, ga baƙon abinci, ga baƙon harshe. A 2019 ya ci tseren yini guda a Gabon, ya tsere wa manyan da suka girme shi. A 2020 wata ƙungiya ta Faransa ta ɗauke shi aiki, amma ba a daɗe ba kuɗinta suka soma ƙarewa. Da tsakiyar 2021 ya koma Intermarché, ta ƙasar Beljiyam. A nan ƙofa ta buɗe.

Bari in tsaya in yi maka bayanin yadda ake wannan tsere, don ba kamar sukuwar doki yake ba. Gayya ce. Babban abokin gabar mai keke iska ce. Kai ma ka sani, in ka taɓa fuskantar gabas da hunturu a kan hanyar Ƙonni. Wanda ke gaba shi ke shan iska, wanda ya laɓe a bayansa kuwa yana iya rage wajen kashi ɗaya cikin uku na wahala. Don haka kowace ƙungiya tana da gwaninta guda, sauran barorinsa ne. Su ke tare masa iska, su ke komawa baya wurin mota su ɗebo masa ruwa. In tayarsa ta fashe a mugun wuri, wani sai ya sauka ya miƙa masa kekensa. Suna ta jan sa har a hango ƙarshe, sa'an nan su kauce, shi kuma ya saki ƙarfin da ya yini yana tattali. Sunan mutum ɗaya za ka ji a rediyo, amma gumin mutum takwas ne. Wannan ne ya fi ba ni sha'awa cikin wasan nan, domin mu ma a gona haka muke.

A watan Maris 2022 Biniam ya ci tseren Gent-Wevelgem a Beljiyam, tafiyar kusan kilomita 250. Cikin Mayu ya ci yini guda a babban tseren Italiya. Ga abin mamaki: ya hau dandamali ana masa tafi, ya sunkuya zai buɗe kwalbar murna da ake ba wanda ya ci, sai murfin ya yi tsalle ya buge shi a idon hagu. Daga dandamali sai asibiti. Washegari bai iya ci gaba ba. A 2023 ma ya yi mummunar faɗuwa a Beljiyam, ya bugu a kai.

Sai 2024, a tseren zagayen Faransa, wanda ya fi kowane girma tun da aka fara shi a 1903. Mutum 176 suka tashi, yini 21 na gudu, kilomita wajen 3,500. Ran 1 ga Yuli aka yi tafiyar kilomita 231 zuwa birnin Turin. Ka kwatanta: daga Yamai zuwa Dutsi ke nan, saura kaɗan, cikin awa biyar da rabi. Shi ya fara taka layi. Kafin shi babu baƙar fatar Afirka da ya taɓa cin yini guda a wannan tsere. Ya ƙara cin biyu, ya gama da koriyar riga, wadda ake ba wanda ya fi tara maki.

To, ga inda zancen ya shafe ni. Ɗan ƙanena, yaro mai shekara 16, ya ga wannan a wayar hannu, shi ke nan barci ya ƙaurace masa. Da asuba sai ya ɗauki tsohon keken gidan ya kama hanyar Kore Mai Ruwa. Wata rana uban ya zo rumfata, ransa a ɓace.

Ya ce, "Yaya, kai ɗai yaka jin maganakka. Mi za a ci cikin gudun keke? Ga gona, ga lakkwal, shi ko ya bi iska."

Na ce masa, "Zamna ka sha ruwa tukuna."

Gaskiya ƙanena ba shi da laifi. Keken tsere na gaske bai kai nauyin tiya uku ta gero ba, doka ma ta ce kada ya gaza kilo 6.8, amma kuɗinsa ya fi na bijimi nesa. Hanyar kwalta guda muke da ita mai tsawo, ita kuwa ta manyan motoci ce. In ka sauka gefe, rairayin dallol ya riƙe ka, tsidau ya huda maka taya. Ga zancen ci: mai wannan gudu yana cin abincin mutum biyu ko uku, a gidan da ake auna tsaba da rani. Kuma cikin yara dubu da suka fara, ƙalilan ne ke kai ga albashi. Wanda ya kai ɗin ma, da wuya ya wuce shekara 35 yana aikin. Ƙashi na karyewa, ƙungiya na rushewa. Ko 'yar Nijeriya Ese Ukpeseraye, da ta kai har wasannin Olimfik na Paris a 2024, da keken aro na Jamusawa ta shiga wani tseren.

Duk da haka ban yarda a ce shiririta ce ba. Maƙwabtanmu na Burkina sun fara zagayen ƙasarsu tun 1987, kuma 'ya'yansu sun sha cin sa a gaban Turawa. A Satumba 2025 an yi gasar duniya a Kigali ta Ruwanda, karo na farko a Afirka. Ƙafafun nan irin namu ne. Na sha ganin saurayi ya ɗauko buhu biyu a keke marar giya daga Matankari, ya iso ko haki ba ya yi. Abin da ba mu da shi mai koyarwa ne, da ƙungiya, da wanda zai riƙe agogo.

Muka daidaita da ƙanena a kan sharaɗi. Yaro ba zai bar makaranta ba. Da damina keke na rataye sai an gama noma na biyu. Ba zai hau kwalta ba sai da hular kwano, kuma ba bayan magariba ba. Uban ya yi shiru, can ya ce, "To, Yaya, amanarka ce."

Yanzu ina haɗa masa wani tsohon Peugeot da na samu wurin wani tsohon ma'aikaci. Na kankare tsatsa, na sāke masa gare, na cire kariya da duk abin da ke ƙara nauyi. Giya ce ta rage, na yi saƙo Yamai. Ran Lahadi da asuba ni ke tsayawa bakin gari da agogo, ina rubuta masa lokacinsa a bayan littafin bashi. Daga wancan wata zuwa wannan ya rage minti shida.