Farautar Danshi a Hanyar Hull

Daga Manchester zuwa Hull titin M62 ake bi, kuma shi muka ɗauka ni da yayana da sanyin safiyar wata Asabar, ana ta yayyafi. Titin na hawa duwatsun Pennine har mita 372, inda babu babbar hanyar da ta kai shi tudu a Ingila, kana ya gangara gabas. Yaya ya ga tallar wani tsohon karaban, ɗakin tafi-da-gidanka da ake ja da mota, yana son ya riƙa kai iyali bakin teku lokacin hutu. Yankin Hull kuwa matattarar masu ƙera su ne: Swift na Cottingham, Coachman na cikin gari.

Mai ɗakin dattijo ne mai fara'a, ya wanke shi fes, ya fesa turare. Turaren ne ya fara sa Yaya ɗaure fuska.

Bai ko kalli kujeru ba. Ya durƙusa ya ɗaga katifu, ya tura kai cikin kabad yana shinshinawa, ya bi kusurwoyi yana danna bango da babban yatsa. Dalili kuwa shi ne, tsofaffin ɗakunan nan ƙashinsu katako ne, an rufe shi da fallen alminiyam, an liƙe mahaɗa da danƙo. Shekaru da jijjigar hanya su busar da danƙon ya tsage, ruwa ya riƙa tsatsafowa ta gefen taga, ta tagar rufi, ta layin da ake saƙala rumfa. Waje na ƙyalli, ciki na ruɓewa. Wannan matsala ce ta sa kamfanin Bailey na Bristol ya fito da ginin Alu-Tech a 2009, ya rage mahaɗa, ya cire katako daga bango.

Sai ya nemi izini ya fiddo na'urar auna danshi, don tsinayenta biyu na barin 'yan ƙananan huda. Masu gyara na cewa ƙasa da kashi 15 cikin 100 lafiya lau. Daga 15 zuwa 20 a sa ido. Ya haura 25 ruwa ya shiga. Ya wuce 30, a zargi katakon kansa. Bayan ɗaki ya nuna 12. Ƙarƙashin tagar gaba ya nuna 34, bangon ya yi ƙuraje, yatsa na lotsawa.

"Zo ka taka nan," in ji shi. Na taka, daɓen ya yi laushi kamar soso.

Na tausaya wa dattijon ƙwarai, don ga alama shi ma bai sani ba. Ya ce to mu duba tirelar tanti da ke garejinsa. Yaya ya dage sai an warware ta gaba ɗaya, kuma ya yi daidai: tamfol da aka naɗe da lema funfuna yake yi, ga baƙaƙen ɗige-ɗige duk bakin ɗinki, zare na tsinkewa da ɗan ja.

Muka yi godiya, muka sha shayinsa, muka fito. A mota Yaya ya kira wani mai sayarwa a Beverley. Kafin su taɓa zancen kuɗi ya nemi abu biyu: takardar gwajin danshi ta sabis ɗin bara, da lambar nan mai harufa da alƙaluma 17 da ke zane a jikin tagogi, don ya bincika rajistar CRiS ko akwai bashi ko sata a kan ɗakin. Mutumin ya ce duk suna hannu, muka juya arewa.