Guntun Haƙorin Da Muka Share

Masu iya magana sun ce rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami da yunwa. Mun sha koyar da wannan karin magana a aji, amma ba mu san da mu ake ba sai a hutun babbar sallar 2022, da muka tashi daga Tambuwal zuwa Kebbe gaida tsofaffi.

Ran nan da la'asar ɗiyarmu mai shekara 9 ta faɗo daga kan jaki, bakinta ya bugi dutse, haƙorin gaba na sama ya karye. Kakarta ta wanke mata baki da ruwan gishiri, ta ce, "Malam, kwantar da hankalinka, famfara ce, wani zai fito." Muka yarda, domin abin da muke son ji ke nan. Guntun kuwa aka haɗa shi da shara.

Bayan kwana uku, ko ruwan randa ya gagare ta sha. Muka koma Tambuwal, daga nan muka kama hanyar Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 100, zuwa sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Likita na duba bakin ya ce, "Malam, ina guntun?" Muka sunkuyar da kai.

Ya bayyana mana cewa haƙoran gaba na dindindin kan fito tsakanin shekara 6 zuwa 8, saboda haka wannan ba shi da magaji. Da mun jefa guntun cikin madara mun zo da wuri, da mai yiwuwa an manne shi. Ko haƙorin dindindin ya fita dungurungum, in ji shi, a kama shi ta kai, ban da saiwa, a sa a madara, a kai ga likita cikin awa guda. Haƙorin famfara ne kawai ba a mayarwa. Mu kuwa ga ruga a bayan gari, madara ba ta yanke ba!

An yi mata ciko mai launin haƙori, aka ce mu riƙa kawo ta ana duba jijiyar. Amma makonni ta yi tana rufe baki da hijabi in dariya ta zo mata, yarinyar da a da har maƙwabta ke jiyo ƙyalƙyalarta. Wannan ya fi kuɗin mota yi mana ciwo.

Yanzu kowane zango mukan ɗauki minti biyar cikin darasi mu gaya wa ɗalibanmu: in haƙori ya karye, a tsinci guntun, a nemi madara, a kama hanya. Allah ya kiyaye mana zuri'a, amin.