Dayis Mai Fuska Ashirin

Dayis ɗin da aka fi jefawa a wasan Dungeons & Dragons fuska ashirin gare shi, maimakon shida irin na lido. Gary Gygax da Dave Arneson ne suka fitar da wasan a Amurka a 1974. Ana zama kewaye da tebur, kowa ya ari bakin wani jarumi, mutum ɗaya kuma yana jan ragamar labari. In jarumi zai kai sara ko zai kauce wa tarko, sai a jefa dayis. A zamanin farko, lamba na yin ƙasa jarumi na iya mutuwa nan take, a ajiye takardarsa a ƙirƙiri wani. Shi ya sa 'yan wasan lokacin suka koyi taka-tsantsan, har sukan zunguri ƙasa da doguwar sanda kafin su taka. Da tafiya ta yi nisa, wasu suka ga ci da faɗuwa kaɗai sun yi wa labari kaɗan. A Apocalypse World na Vincent Baker, wanda ya fito a 2010, dayis biyu ake jefawa. In sakamako ya faɗa tsakanin 7 da 9, mutum ya samu biyan bukata amma da asara: ya tsallake rami, jakarsa ta faɗa ciki. Wataƙila shekaru ne suka koya wa masu tsarawa haka, don yawancin al'amuran ɗan Adam a wannan tsakiyar suke ƙarewa. Duk da haka akwai waɗanda da gangan suka koma tsoffin dokokin, saboda sun yi kewar fargabar da ke kama mutum kafin dayis ya tsaya.